Gwaje-gwajen gaggawa na auna bakteriya a ruwa

Gwaje-gwajen gaggawa hanyoyi ne na gane ko ruwa ya gurɓata da bakteriya, da kuma yawan ƙwayoyin da ke cikinsa, cikin mintuna ko sa'o'i, maimakon kwana biyu zuwa huɗu da tsohuwar hanyar jera bututun gwaji take ci. Galibi ba ƙwayar kwalara ko ta taifot ake nema kai tsaye ba. Ana neman E. coli, bakteriyar da ke zaune a hanjin mutum da na dabba, domin samunta shaida ce cewa kashi ya shiga ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Gano ƙwaya ɗaya tak a cikin wannan ruwa shi ne duk wahalar aikin. Ko dai a ciyar da ita a jira ta hayayyafa, ko kuma a nemi wata alama ta jikinta ba tare da jira ba.

Gwajin enzayim

Wannan ya fi ko wanne yaɗuwa, kuma Colilert na kamfanin IDEXX shi ne sanannen misalinsa. Ana zuba ƙullin garin gwaji ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa, a girgiza har ya narke, a ajiye a na'urar ɗumamawa a digiri 35 na sa'a 24. Akwai nau'in da ke ba da amsa a sa'a 18. Garin yana ɗauke da sinadarai biyu, ONPG da MUG. Bakteriyar dangin kolifom, wanda E. coli ke cikinsa, na farfasa na farkon da enzayim ɗinsu, wato sinadarin jikinsu mai farfasa abinci, sai ruwan ya koma rawaya. E. coli kuwa tana farfasa na biyun ma, sai ruwan ya yi ƙyalli shuɗi idan an haska shi cikin duhu da fitilar ultrabayolet mai tsawon zango nanomita 365.

In ana son adadi, sai a juye ruwan a faranti mai ramuka, a manne bakinsa da na'ura. Faranti mai rami 51 yana ƙirga har 200 a mililita 100, mai rami 97 kuwa har 2,419. Ana ƙirga ramukan da suka sauya launi, a duba jadawali. Lissafin kirdado ne na ƙididdiga, ba ƙirgen ƙwaya ɗaya-ɗaya ba.

Kurakuransa sanannu ne. In samfurin ya wuce sa'a 28 a ɗumi, wasu bakteriya irin su Aeromonas na iya rina shi, a ce ruwa ya gurɓata alhali lafiyarsa ƙalau. Ruwan da tun asali jaja-jaja ne yana ɓoye launin, shi ya sa ake ajiye kwalbar kwatanci a gefe. Abin da ya fi damuwa, yawancin E. coli O157:H7, wadda ke sa gudawar jini, ba ta sa ƙyallin.

Gwajin fili

A 1982 Manja da abokan aikinsa suka fito da gwajin takarda a Indiya. Ana sa takarda mai abincin bakteriya da gishirin ƙarfe a ƙaramar kwalba, a zuba ruwa kamar mililita 20. In akwai bakteriya masu fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan zai yi baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana da arha, ba ya son lantarki, kuma mai rijiya na ganin baƙin da idonsa. Sai dai wasu bakteriyar ƙasa da ba ruwansu da kashi ma suna baƙanta shi, don haka gwajin tantancewa ne kawai. Jakar gwaji ta kamfanin Aquagenx mai aljihu biyar, na mililita 1, 3, 10, 30 da 56, ta fi shi, domin E. coli take nema kuma tana ba da adadi. Tana aiki a zafin ɗaki in ya kai digiri 25. A sanyin hunturu kuwa dole a ƙara lokacin jira ko a ɗumama ta, in ba haka ba gurɓataccen ruwa zai fito kamar mai tsabta.

Hanyoyin da ba sa jiran hayayyafa

Gwajin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin kowace rayayyar ƙwaya, yana ba da amsa cikin mintuna kaɗan. Ana fasa ƙwayoyin ATP ɗinsu ya fito, a haɗa shi da enzayim ɗin da ke sa makesu walƙiya, na'ura ta auna hasken. Yawan rayayyun ƙwayoyi kaɗai yake nunawa, ba ya bambanta mai cutarwa da marar cutarwa. Ya dace da duba tsabtar tanki da bututu, amma bai isa a ce ruwa ya shawu ba. Haka na'urar da ke rina ƙwayoyi ta wuce da su ɗaya-ɗaya gaban hasken leza: tana ƙirga duka cikin kimanin minti 20, ba ta faɗin iri.

Hanyar da ake kira qPCR tana ninka DNA, wato sinadarin gado, na takamaiman ƙwaya, ta ba da amsa cikin sa'a uku zuwa huɗu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da irinta a 2012 don auna enterokokai, wasu bakteriyar hanji, a wuraren ninƙaya. Matsalarta, matacciyar ƙwaya ma tana barin DNA, don haka ruwan da kulorin ya gama tsabtacewa na iya nuna gurɓata. Ruɓaɓɓen ganye da laka kuma suna toshe aikin ninkawar, sai adadi ya fito ƙasa da gaskiya.

Ɗibar samfur

Sakamako da yawa tun a bakin famfo yake lalacewa. Kwalba ta zama wadda aka kashe wa ƙwayoyi, kada yatsa ya taɓa cikin murfi, a bar famfo ya zuba na minti biyu zuwa uku, a bar ɗan sarari a saman kwalba don girgizawa. Ruwa mai kulorin sai an sa masa sodiyam tayosalfet, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyi a hanya. A sa samfur a akwatin ƙanƙara ba tare da ya daskare ba, a gwada shi cikin sa'a shida, kada dai ya wuce sa'a 24. A kowane zagaye a haɗa da kwalba ɗaya ta ruwan da aka tabbatar ba ƙwaya a ciki. In ita ma ta sauya launi, a zubar da sakamakon ranar a sake ɗiba.