Mayar da Ƙaramin Kifi Cikin Tafki Ba Kullum Yake Sa Ya Girma Ba

Masunta da dama sun daɗe da ɗauka cewa duk ƙaramin kifin da aka mayar cikin ruwa zai girma. Game da kifin bluegill, wanda ake kamawa da ƙugiya a tafkunan Amurka, sau da yawa akasin haka ke faruwa. Kifi ne mai yawan hayayyafa, kuma idan babu manyan kifaye masu cin 'ya'yansa, sai ya cika tafkin, abinci ya gaza, duka su tsumbure komai shekarunsu. Shi ya sa masu tafkuna a can suke zuba kifin bass, wani babban kifi mai cin 'ya'yan bluegill, suna kuma kwashe ƙananan bluegill ɗin da gangan. Masu kiwon karfasa a nan ma sun san wannan matsala, domin wasunsu kan saka tarwada ta rage musu yawan 'ya'yan.