Ingilishi ko Faransanci a ECOWAS: ga amsa, don Allah a daina maimaita min

Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tambayoyin nan suka dawo, su ɗin dai ne kullum, sai dai mai tambaya ya canza. To ga su nan wuri ɗaya.

Wai wanne ne yaren ECOWAS?

Uku ne. Ingilishi, Faransanci da Fotugis. Haka yake a yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993. Fotugis ɗin saboda Gini Bisau da Kef Bad ne, kullum mantawa kuke da su.

Tunda hedikwata a Abuja take ai Ingilishi ne gaba ko?

A takarda a'a. A ofis kuma ya danganta da wanda ke zaune a kan kujerar.

Yanzu da ƙasashe uku masu Faransanci suka fita, me zai hana a yar da shi kawai?

Malam ka ƙirga kafin ka yi magana. Ficewarsu ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, saura ƙasashe 12. Masu Ingilishi biyar, Najeriya, Ghana, Laberiya, Saliyo, Gambiya. Masu Faransanci su ma biyar, Benin, Togo, Kodebuwa, Gini, Senegal. Kunnen doki ke nan. Wa zai je Dakar ya ce musu daga yau ku zo mitin da ƙamus? Turawan ma da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020 an yi ta cewa shi ke nan Ingilishi ya mutu a Brasels, Faransa ta yi ta ƙoƙarin dawo da yarenta, har yau da Ingilishi ake rubuta yawancin takardunsu, alhali kotunsu da ke Lukzambag da Faransanci alƙalanta ke shawara. Ficewar ƙasa ba ta korar yare.

Amma ai mu 'yan Najeriya mun fi yawa.

Eh, mun fi rabin mutanen ƙungiyar gaba ɗaya. A taron shugabanni kuma kujera ɗaya gare mu, daidai da ta Gambiya.

Wanne ya fi sauƙin koya?

Wannan ba tambayar da za a min ba ce. Je ka fara ɗaya.

Mun kafa ƙungiyar 'yan kasuwa, akwai mutanenmu a Kano, Maraɗi, Kwatano da Kumasi. Da wane yare za mu rubuta tsarin mulki da sauran takardu?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai. Da farko ku raba abu biyu, yaren da za ku yi magana da shi a taro daban, yaren da za ku rubuta abin da hukuma za ta buga wa hatimi daban. Na farkon ku kun riga kun gama da shi ba ku ma lura ba, ɗan Kwari da ɗan Maraɗi da mutumin zangon Kumasi in sun haɗu da Hausa suke ciniki, to ku yi mitin ɗinku da Hausa, kar wani ya tsorata ku da cewa wai ba ta yi kama da ta manyan ƙungiyoyi ba. Rubutun ne rigima. In a Najeriya ko Ghana za ku yi rajista Ingilishi za a nema, in Benin ne ko Nijar Faransanci, kuma ba maganar yare kaɗai ba ce, tsarin shari'ar ma ya bambanta, Najeriya da Ghana sun gaji na Ingila, su Benin da Nijar kuma dokar kasuwancinsu ta OHADA ce, wadda aka ƙulla a 1993 kuma ƙasashe 17 ke bi, ginin ta kan salon Faransa yake. Shi ya sa sai ka ga an fassara takarda kalma-kalma babu kuskure amma lauyan can ya karanta ya ce wannan sakin layin a wajenmu ba ya nufin komai. Ni dai da ni ne, zan duba inda asusun banki da ofis za su zauna, in rubuta asalin da yaren ƙasar, in ba lauya mai jin yarukan biyu ya yi na biyun, lauya fa na ce, ba ɗan ƙaninka da ya yi wata shida yana koyon Faransanci a Badagry ba. Sannan a sa layi ɗaya ƙarara cewa in an samu saɓani wannan kwafin za a bi. Na san ECOWAS kanta cewa take duka ukun daidai suke, amma ita tana da tafintoci masu albashi da kotu a Abuja, ku kuma kuɗin karo-karo gare ku. Sai dai kuma, in mutanen Maraɗi da Kwatano su ne suka fi zuba kuɗi kuka ce Ingilishi ne kaɗai mai ƙarfi, ku shirya wa gunaguni, kuma suna da gaskiya. A nan wataƙila gara a raba, asali da yare ɗaya, sakatare daga ɗaya ɓangaren. Ko haka ɗin ma ban ce zai hana faɗa ba.

Me ya sa kake ta nanata maganar wanda ya rubuta asali?

Don nan ƙarfin yake. Wanda aka rubuta daftari da yarensa ya karanta tun daren jiya, ya shirya gyararrakinsa, ɗayan kuma yana jiran fassara, wani lokaci sai ana shiga zaure ake miƙa masa. Mutane na ta faɗa a kan yare nawa aka jera a yarjejeniya, ba mai tambayar da wanne aka fara bugawa a kwamfuta.

Ai Nijar ta kori Faransanci, Hausa ce yanzu.

Ku riƙa karanta labari har ƙarshe mana. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin yaren ƙasa, gaskiya ne, amma a wannan kundin dai aka ce Ingilishi da Faransanci su ne yarukan aiki. Je ofishin duwan, wato kwastan, a Dan Isa da ke bakin iyakar Nijar ka ga da me ake cike fom.

To me ya sa ba za a sa Hausa a ECOWAS ba kamar yadda Tarayyar Afirka (AU) ta sa Suwahili?

Ƙofar a buɗe take, yarjejeniyar ta yarda shugabanni su ayyana yarukan Afirka ta Yamma. Suwahili ya shiga yarukan aikin AU a 2022 ne don Tanzaniya ta tsaya masa da gaske. Wace gwamnati ce ta tsaya wa Hausa haka? Kuma ranar da aka ɗaga maganar, Yarbanci da Fulatanci da Wolof duk za su ɗaga hannu.

Ɗana yana son aiki a ECOWAS, Ingilishi kaɗai yake ji. Ya makara?

Haba Hajiya, kwantar da hankalinki. Bai makara ba. Ya nemi ajin Faransanci, in da hali ya je Kwatano ko Lome ya zauna cikin mutane, ba cikin 'yan Najeriya ba.

Kai wanne ka zaɓa?

Ba ni aka tambaya ba da aka kafa ECOWAS a 1975, kuma yanzu ma ba a tambaye ni ba.