Juya kwalbar ka karanta kafin ka sha

A duk mutum takwas da ke raye a duniya, ɗaya na fama da ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan na shekarar 2022, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Daga 1990 zuwa lokacin, yawan manya masu ƙiba ya ninka har ya ɗara, na matasa kuwa ya ninka sau huɗu. A shekara talatin halittar ɗan Adam ba ta sauya ba, kuma babu mai cewa mutanen duniya sun wayi gari rana ɗaya duk sun zama ragwaye ko masu haɗama. Abin da ya sauya shi ne abincin da aka kewaye mu da shi, da irin dabarar da ake sayar mana da shi.

Ƙibar da muke magana a kai auna ta ake yi, ba a barin ido ya yanke hukunci. A ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba da tsayinsa da mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsayin. Mai kilo 90 da tsayin mita 1.7 zai tashi da 31. Daga 25 nauyi ya fara wuce ƙima, daga 30 an shiga ƙiba. Sai dai wannan ma'auni bai san bambancin tsoka da kitse ba, don haka mai ɗaga ƙarfe kan iya faɗawa sahun masu ƙiba alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa na fi son gwajin zare. Ka yanko zare daidai tsayinka, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka shi biyu, ka zagaya da shi a cikinka, ɗan sama da cibiya kaɗan, ba tare da ka shanye tumbin ba. In bakin zaren biyu suka ƙi haɗuwa, to kitsen ciki ya yi yawa. Shi ne kuwa mafi sharri, domin shi ke lulluɓe hanta da hanji, shi ke share wa ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya.

Kowa ya san jigon maganar: in abin da ke shiga ciki ya fi abin da jiki ke ƙonewa, rarar kitse take zama. Haka ne, amma ana tsallake wata tambaya. Me ya sa wani yake ƙoshi da wuri, wani kuma bai daɗe da wanke hannu ba yunwa ta dawo? Gado na da hannu sosai a nan. A 1994 masana suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a rage ci. Ciki kuma na da nasa sinadarin da ke tayar da yunwa. Ba kowa ne wannan saƙo ke isa ƙwaƙwalwarsa da ƙarfi iri ɗaya ba. Ƙarancin barci na dagula shi, damuwa ma haka, har ka ga mutum yana neman zaƙi da maiƙo da tsakar dare. Akwai magungunan da ke ƙara nauyi, irin su sitiroyid da insulin da wasu magungunan taɓin hankali, akwai kuma raunin tayirod, wata ƙwayar jiki da ke wuya, da wasu matsalolin ƙwan haihuwa na mata. Wanda ya ga nauyinsa na hauhawa bayan an ɗora shi a kan magani, kada ya daina sha da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa. Sai kuma zama: aiki a kan kujera, tafiya a mota, hutu a gaban waya.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su isa su bayyana ninkin da aka gani ba. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka, ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa matuƙa, mako biyu kuma abincin da aka girka daga ɗanyen kaya. An daidaita kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) da sukari da maiƙo da gishirin da ake ajiye musu a ɓangarorin biyu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, a matsakaici mutum ya riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, ya ƙara kusan kilo ɗaya. Da aka juya, sai suka zubar da kusan kilo ɗaya. Mutanen su ne dai, halinsu bai canja ba, kwanon ne ya canja. Irin wannan abinci yana da laushi, ba ya son tauna, kafin ciki ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa, an riga an zarce.

Abin sha mai zaƙi ya fi komai wayo a wannan fanni, don ruwa ba ya tare ciki yadda abinci ke tarewa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke samu a rana. Ga babban mutum, wannan kusan giram 50 ne, ƙaramin cokali 12. In an iya saukowa zuwa rabin haka ya fi. Yanzu ɗauko kwalbar lemo mai mililita 500 ka juya bayanta. Za ka ga ɗan akwati mai ƙananan lambobi, a layin sukari an rubuta wani abu kamar giram 10.6. Kada ka yi murna tukuna, duba saman layin: a kowane mililita 100 ne. Kwalbar da ke hannunka ta ninka haka sau biyar, giram 53 ke nan. Raba da huɗu, domin ƙaramin cokali giram huɗu yake ɗauka, ka samu cokali 13. Ba mai hankalin da zai zuba cokali 13 a kofin shayi, amma ga shi an shanye a tsaye, ƙimar rana guda ta ƙare kafin a ci komai.

Haka ake yi da ledar biskit. Sai a rubuta kalorin "ci ɗaya", a ƙaramin rubutu kuma a ce ci ɗaya biskit biyu ne, alhali kamfanin ya fi kowa sanin ba mai buɗe leda ya tsaya a biyu. Don haka in za ka gwada kaya biyu, dubi layin giram 100, shi ne ba ya ruɗi. Jerin kayan haɗi ma yana da ƙa'ida: ana fara rubuta wanda ya fi yawa a nauyi, a sauko zuwa mafi ƙanƙanta. In sukari ya zo na farko ko na biyu, kayan zaƙi ka saya, ko da an zana alkama da madara a gaban kwalin. Wasu kuma sukan rarraba shi da sunaye barkatai, gulukos a nan, furuktos a can, ruwan masara mai zaƙi a gaba, don kada ɗaya ya hau saman jerin. Wanda aka rubuta wa "mai ƙarancin maiƙo" sau da yawa da sukari aka cike gurbin.

To wa ke da lokacin wannan lissafi a tsaye a kanti, ga yaro na jan riga? Wanda bai yi karatu ba fa, ko dattijon da idonsa ba ya ganin ƙaramin rubutu? A nan ne aikin ya tashi daga kan mai saye ya koma kan hukuma. Ni dai ban yarda a bar kamfanoni su sa wa kansu linzami ba, bai wa kura ajiyar nama ke nan. An taɓa gani. A 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna cewa wata gidauniyar masu sukari a Amurka ta biya masana na Jami'ar Harvard kuɗi, suka fitar da nazari a 1967 wanda ya sassauta wa sukari, ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan maiƙo.

Ƙasar da ta fi burge ni a nan ita ce Chile. Majalisarta ta zartar da dokar tambarin gargaɗi a kan abinci a 2012, aka sha ja-in-ja da kamfanoni, sai a Yunin 2016 ta fara aiki. Duk kayan da sukarinsa ko gishirinsa ko daskararren maiƙonsa ko kalorinsa ya wuce iyaka, dole a buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban leda, da rubutu ɓaro-ɓaro cewa abu kaza ya yi yawa. Wani kayan yakan kwashi tambari uku ko huɗu. Ba sai ka iya lissafi ba, yaro ma ya iya ƙirga baƙaƙen tambura. Kayan da ke ɗauke da tambarin ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallata shi ga 'yan ƙasa da shekara 14, ba a liƙa masa hoton zanen barkwanci ko a saka abin wasa a ciki. Damisar nan da ke kan kwalin hatsin karin kumallo na Kellogg's sai da ta sauka. Binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna sayen abin sha mai ɗauke da tambarin ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari. Peru ta bi sahu a 2019, Meziko a 2020. Faransa ta zaɓi tambarin launi mai maki daga A zuwa E a 2017, amma na ganin dama ne, kuma wanda ya san zai faɗi jarrabawa ba ya kawo kansa.

Ɗaya sandar ita ce haraji. Meziko ta sa feso ɗaya, kuɗin ƙasar, a kan kowace lita ta abin sha mai sukari a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko, ya fi raguwa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya ta yi dabarar da ta fi wannan. Ta sanar da harajinta a 2016, ya fara aiki a Afrilun 2018, kuma aka yi shi hawa-hawa: ƙasa da giram 5 a mililita 100 ba haraji, daga 5 akwai, daga 8 ya fi tsanani. Kafin ranar ta zo, kamfanoni da yawa sun rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Mai saye bai canja komai ba, kwalbar ce ta canja a hannunsa.

Ba kowace doka ke ci ba. Denmak, wadda ta riga kowa taƙaita maiƙon masana'anta mai toshe jijiya a 2003, ta sa haraji a kan maiƙo a 2011, ta yanke shawarar janye shi bayan shekara guda, bayan an yi ta kukan tsada, mutane na tsallaka iyaka su yi sayayya. Masu cewa haraji ya fi cin talaka suna da hujja, musamman in ruwan sha mai tsabta da kayan lambu sun fi ƙarfinsa. Dokar da ta tsawwala wa mugun abinci ba ta sauƙaƙa nagari ba, rabin aiki ta yi. Chile kanta har yau tana cikin ƙasashe masu yawan ƙiba. Kitsen da aka yi shekara talatin ana tarawa ba ya narkewa da tambari ɗaya.

Sai gargaɗi ga mai neman hanyar yanke. Shayi da ƙwayoyin rage teɓa da ake tallatawa a intanet, da yawansu ba su da lambar rajista, ba jerin kayan haɗi, ba adireshin mai yi. An sha gwada irinsu a tarar an ɓoye sibutiramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kana shan irinsu ka ji zuciya na bugawa da sauri, ko bakinka na bushewa, ko barci ya ƙaurace, ka dakata da sha, ka tafi asibiti a auna jininka, kuma ka tafi da kwalin a hannu.