Kirifto a Zangon Kumasi: tambayoyin da ake yi mini a bakin shago

Ina da ɗan shago a Aboabo, gyaran waya da cire kuɗin MoMo, wato asusun kuɗi na cikin layin waya. Tun da labari ya bazu cewa ina taɓa harkar kirifto, bencin ƙofar shagon bai ƙara hutawa ba. Wani ya kawo waya fasasshiya, kafin in gama ɗaura gilashi ya jefo tambaya. Wani ma ba gyara ya kawo shi ba, katin sidi biyar zai saya don ya samu dalilin zama. Tambayoyin kusan ɗaya ne, bakin ne ke canjawa, shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda da amsar da nake bayarwa, har da wadda ba a son ji.

"Ɗana, kuɗin da ba a riƙewa a hannu, ta ina ya zama kuɗi?"

Wani dattijo mai sayar da goro ne ya yi mini wannan. Na ce, Baba, kuɗin da ke cikin MoMo ɗinka ka taɓa riƙe su? Lamba ce a littafin kamfani, kai ka yarda, mai shinkafa ta yarda, ciniki ya faɗa. Kirifto ma littafi ne, sai dai dubban kwamfutoci ne a faɗin duniya kowacce ke riƙe da kwafinsa, ba a shigar da komai sai sun dace a kai, in kuma an shigar ba a gogewa. Shi ake kira bulokcen. Bitcoin ne na fari, ya fito a 2009 daga wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, kuma tun farko an ƙayyade ba zai wuce guda miliyan 21 ba.

Inda suka raba hanya da MoMo shi ne nan: in ka tura kuɗi ga lambar da ba ita ba, akwai ofishin da za ka je ka kai kuka, wani sa'in a dace. Bitcoin ba shi da ofishi a Adum, ba shi da shi a ko'ina.

To me ya sa 'yan kasuwarmu suka rungume shi?

Yawancinsu ba Bitcoin suke riƙewa ba. Abin da na fi gani yana yawo tsakanin Alabar, Kejetia da Suame Magazine shi ne USDT, na kamfanin Tether, wanda aka ɗaure farashinsa da dalar Amurka, guda ɗaya kusan dala ɗaya. Bitcoin kuwa ya kai wajen dala 69,000 a Nuwambar 2021, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 17,000. Mai jiran biyan kuɗin kwantena ba zai iya da wannan lilon ba.

Matsalar tsohuwa ce: kaya suna can, kuɗi suna nan. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun sha ta, zamanin da ake loda wa jakuna kaya zuwa Salaga. Maganinsu shi ne maigida, mutumin da ke sauke fatake, ya tsaya musu a ciniki, ya riƙe amana tsakanin baƙo da ɗan gari. Yau mai shigo da kayan mota daga Guangzhou ko Dubai, da mai sauke albasar Nijar da ake binsa sefa, ciwonsu ɗaya da na fataken. Ta banki sai takardu da kwanaki. USDT cikin mintuna yake isa, ko da ranar Lahadi ce da tsakar dare.

Sai 2022 ta zo ta ƙara wa wutar itace. Dala tana wajen sidi 6 a farkon shekarar, zuwa Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Mutane suka riƙa ɓuya a cikin USDT, kuma ban ga laifinsu ba. Amma nan nake saɓawa da samarin da ke cewa dala ba ta saukowa. A Afrilun 2025 tana sama da sidi 15, zuwa Yuni ta dawo ƙasa da 11. Yi lissafi da kanka: wanda ya sayi USDT 1,000 a kan 15 ya ba da sidi 15,000, in ya sayar a kan 10.5 ya karɓi 10,500. Hayar shagonsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa kuwa da sidi ake biya. A wurina USDT mota ce, ka hau, ka isa, ka sauka. Masu kwana a cikinta su tuna kuma cewa Tether kamfani ne, yana iya daskarar da adireshi, wato lambar asusun mutum, ya kuma sha yin haka in hukumomi suka nema.

Zan iya sayen wake da shinkafa da shi?

Hajiya mai wake ba za ta karɓa ba, direban pragya, keke mai ƙafa uku, ma haka. Sidi ne kuɗin ciniki a Ghana. Sai ka sayar, kuɗin su shigo MoMo, sannan ka ci abincinka.

Yaya ake saye da sayarwar, kuma ina tarkon yake?

Mafi yawa ta cinikin mutum da mutum ne, wanda ake kira P2P, a manhajoji irin su Binance. Ka yi rajista da Ghana Card, ka zaɓi mai sayarwa, manhajar ta riƙe kirifton a tsakiya, ka tura masa sidi ta MoMo ko banki, shi ya tabbatar, a sakar maka. Aikin maigida ne sak, na'ura ce kawai ke yinsa. Tarkon yana wurin da mutum ya fita daga hannun maigidan: "mu koma WhatsApp, zan rage maka farashi." Duk wanda ya ce maka haka, ka yi masa sallama.

Ni ma an taɓa shayar da ni. Wata Laraba da La'asar, ina riƙe da ƙarfen narka dalma a hannu ɗaya, ga wata Hajiya a kaina tana jiran wayarta, sai saƙo ya shigo cewa an turo kuɗin USDT 200 da nake sayarwa. Na leƙa da gefen ido, adadi daidai, na saki. Sai bayan Magariba da na zo lissafi na ga ba ko kwabo. Saƙon daga lambar mutum ya zo, an kwaikwayi rubutun ne tsaf har da lambar ciniki. Tun ranar ba na kallon saƙo, ragowar kuɗin cikin asusu nake buɗewa in gani da idona. Kuma in sunan wanda ya turo bai yi daidai da sunan mai sayen ba, mayar masa nake yi, don kuɗin sata sukan bi ta wannan hanyar, in an biyo sawu kuma kai za a tarar.

Akwai tarko na biyu, wanda ba ɓarawo a cikinsa sai gaggawa. USDT yana tafiya a kan hanyoyi daban-daban: adireshin hanyar Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum da 0x. Ka tabbatar kai da mai karɓa hanya ɗaya kuka zaɓa. In kuɗin da yawa, fara tura biyar tukuna, ya ce ya gani, sannan sauran.

Mene ne walet, kuma wanne ya fi?

Iri biyu ne. Na farko, kuɗinka na hannun kamfani, kana shiga da imel da lambar sirri, in ka manta a taimaka maka. Daɗinsa ke nan, haɗarinsa kuma in kamfanin ya kife da kai zai kife, kamar yadda kamfanin FTX ya rufta da kuɗin jama'a a Nuwambar 2022. Na biyu, irin su Trust Wallet da MetaMask, mabuɗin yana hannunka: kalmomi 12 ko 24 da ake nuna maka ranar buɗewa. Kuɗin ba a cikin wayar suke ba, suna kan bulokcen. Waya ta faɗa kwata, ka sayi wata, ka jera kalmomin, komai ya dawo. Wani ya samu kalmomin, shi ma komai ya dawo masa, daga duk inda yake.

A matsayina na mai gyaran waya, abin da nake gani yana tayar mini da hankali. Yaro ya miƙo waya a buɗe don in gwada gilashi, ga kalmomin nan goma sha biyu a ɗauke a hoto, tsakanin hotunan suna da na Sallah. Ni dai na kau da kai, amma ba ni kaɗai ke gyaran waya a garin nan ba. Takarda da biro, a rubuta a jere da lamba, a adana inda ruwa da yara ba sa kaiwa. Wanda ya ce ka turo masa su zai gyara maka asusu, ko wane suna ya ara, ɓarawo ne.

"Yaya, ni fa ina mainin a wayata, yaushe za ta fashe?"

Mainin shi ne haƙa. A ƙasar da ke da mahaƙar zinariya ta Obuasi da galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, kalmar haƙa tana da nauyi, shi ya sa take ruɗin mutane. Haƙar Bitcoin ta gaskiya gasar lissafi ce tsakanin injuna na musamman. Kusan kowane minti 10 inji ɗaya ke ci, ya rufe shafi a littafin, a biya shi. Ladan yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu, tun Afrilun 2024 ya koma Bitcoin 3.125. Inji ɗaya irin Antminer S19 yana shan wajen wat 3,250, wato yunit 78 a kwana guda, yana ƙara kamar injin niƙa, yana fitar da zafi kamar tanda. Ɗora wannan a kan mitar kamfanin wuta na ECG ta gidan haya, ka ƙara da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ka gaya mini ribar. Manyan masu haƙa inda wuta ke da arha suke bi. Ethereum ma ya daina haƙa tun Satumbar 2022.

Abin da ƙannena ke yi na danna allo, irin su Notcoin da Hamster Kombat da suka cika Telegram a 2024, ko Pi, ba wannan ba ne. Talla ce, ana tara jama'a da alkawarin rabo. Wasu sun samu na cefane, da yawa data da barcinsu suka tafi. In ba a karɓi ko sisinka ba, kai da lokacinka. Ranar da aka ce ka biya kafin a saki abin da ka tara, wasa ya ƙare.

An ce in zuba dala 100 in riƙa karɓar riba kullum. In shiga?

A'a. Mutanen Ghana ba sa buƙatar dogon wa'azi a nan, mun ga kamfanin zinariya na Menzgold da aka dakatar a 2018, maƙwabtanmu na Najeriya sun ga CBEX a Afrilun 2025. Zinariya ce jiya, kirifto yau, tukunyar dai ɗaya ce: kuɗin na baya ake biyan na gaba, har ranar da na baya ya ƙare. Abin takaicin, mai kawo maka tayin yakan zama ɗan'uwanka ne da kuke sahu ɗaya a masallaci, shi ma da zuciya ɗaya ya shiga.

Gwamnati ta yarda da shi?

A 2018 Babban Bankin Ghana ya yi gargaɗi cewa bai ba kowa lasisin wannan harka ba. A Agustan 2024 ya fitar da daftarin ƙa'idoji, sannan a Disambar 2025 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar da ta sa kamfanonin kirifto ƙarƙashin rajista da sa ido. Kada a haɗa shi da eCedi, wannan sidi ne na Babban Bankin kansa da aka yi gwajinsa.

Halal ne ko haram?

Ni mai gyaran waya ne, fatawa ba tawa ba ce. Malamai sun saɓa. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya hana cinikin Bitcoin, Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, hujjarsu garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kama da caca. Kwamitin shari'a na hukumar hannayen jari ta Malesiya kuwa ya halatta cinikinsa a 2020. Shawarata, in za ka je wurin Malam, kai masa tambayar a rarrabe. Biyan kuɗin kaya da USDT daban, cin bashi a manhaja don yin caca kan farashin gobe daban, ajiya don karɓar ƙarin da aka yanka maka daban. In ka dunƙule su ka ce "kirifto", dunƙulalliyar amsa za ka samu. Ka tambaye shi batun zakka ma, tun da dukiya ce.

"In na mutu fa?"

Mutum ɗaya ne kawai ya taɓa yi mini wannan, wani Alhaji mai kayan mota, mata biyu, 'ya'ya tara. Banki yana da hanyar da magada za su bi. Walet na hannu ba shi da ita: ba alƙali, ba Sarkin Zango, ba limamin da zai iya buɗe shi in kalmomin sun bi mai su kabari. Dukiyar tana nan a littafi kowa na iya gani, marayu ba za su taɓa ta ba.

Alhaji ya yi shiru, ya sa yaronsa ya sayo ambulan biyu. A bencin nan ya zauna ya juya mini baya, ya rubuta kalmomi shida na farko a takarda ɗaya, shida na ƙarshe a ɗayar, ya liƙe. Ɗaya ya ce za ta je wurin ƙaninsa a Tamale, ɗayar cikin akwatin da takardun gidansa suke, kuma zai sa a wasiyya a faɗi abin da suke buɗewa. Na ce, Alhaji, in ɗaya ta ɓace fa? Ya dube ni, ya kira yaron, ya ce ya koma ya ƙaro ambulan biyu.