Waiwaye: Yadda Harsunan Kwamfuta Suka Koyi Cewa "Babu"

A rubutun manhaja, fankshin kamar ɗan aike ne: ka ba shi saƙo, ya je, ya dawo da amsa. Abin da aka shafe shekaru sama da hamsin ana kai-komo a kansa shi ne, da me zai dawo in ya je bai samu komai ba, ko in amsar ta wuce ɗaya?

Tony Hoare ne ya shigar da null, wato alamar "babu komai", cikin harshen ALGOL W a 1965, don kawai yana da sauƙin aiwatarwa. A 2009, a wani taro a Landan, shi da bakinsa ya kira shi kuskuren dala biliyan. Illarsa ita ce yana iya zama a duk inda ake jiran abu na gaske, kompaila kuma, wato manhajar da ke fassara rubutun zuwa harshen na'ura, ba ta cewa uffan, sai manhaja ta faɗi a hannun mai amfani da ita.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Bell Labs wajajen 1972, amsa ɗaya tak yake bari a dawo da ita. Dole aka riƙa cusa labarin gazawa cikin amsar kanta: malloc, mai neman wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ba da NULL in wuri ya ƙare, open, mai buɗe fayil, ya ba da -1 in ya kasa, dalilin kuma a neme shi a wani gurbi na daban mai suna errno. Wani lokacin ma babu inda za a cusa shi. A atoi, mai mayar da rubutu lamba, atoi("0") sifili ne, atoi("kaza") ma sifili ne. Tarkon getchar, mai karanto harafi ɗaya-ɗaya, ya fi haka. Amsarsa int ce (nau'in lamba), ba char (nau'in harafi) ba, domin a samu gurbin EOF, alamar ƙarshen fayil, wadda galibi -1 ce. Wanda ya zuba amsar cikin char ya jawo wa kansa ɗayan biyu: inda char ke ɗaukar lamba ƙasa da sifili, bait mai lamba 255 zai yi kama da EOF, karatu ya tsaya a tsakiyar fayil; inda kuma char ba ya ɗaukarta, kamar yadda aka saba a Linux kan ARM, EOF ba za ta taɓa bayyana ba, manhaja ta yi ta zagaye.

Harsunan da suka biyo baya sun gaji ɗabi'ar. A PHP, strpos yana ba da false in bai ga kalma ba, yana ba da 0 in kalmar tana farkon jimla, kuma == bai bambanta su, sai ===. A Python, find yana ba da -1, alhali -1 lambar harafin ƙarshe ce, don haka kuskuren ya wuce salin alin. Fankshin da bai ce komai ba kuwa, None yake dawowa da shi; shi ya sa sabon shiga kan rubuta jeri = jeri.sort() ya tarar jerin ya zama None. JavaScript na 1995 har "babu" biyu gare shi, null da undefined.

Mafita ta farko ita ce a bar ɗan aiken ya riƙo abu biyu. A Common Lisp, gethash yana dawo da abin da aka nema, da kuma shaidar ko an same shi. Lua ma tana dawo da amsa da yawa, sai dai tana zubar da rarar, ta cike giɓin da nil ba tare da gargaɗi ba. Go, da Google ta bayyana a 2009, ta mayar da wannan al'ada: sakamako a hagu, err, wato labarin gazawa, a dama. An rabu da ruɗanin -1, amma har yanzu mai rubutu zai iya sa alamar _ ya yi watsi da err.

Mafita ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ta daɗe a ML da Haskell kafin kasuwa ta waiwaye ta: a mayar da "ƙila babu" wani nau'i na daban, option ko Maybe, wanda kompaila ba za ta bari a yi aiki da shi ba sai an buɗe an duba. A 2014 Swift ta fito da irinsa, Java 8 ta ƙara Optional. Rust 1.0 ta zo a 2015 da Option da Result, babu null a rubutun yau da kullum. Kotlin ta raba String da String? (mai iya zama null), C# 8 ta bi sahu a 2019.

Gyaran Java rabi ne, a gaskiya, tunda Optional ɗin kansa zai iya zama null. Kotlin ba ta da tabbas kan abin da ya shigo mata daga kod ɗin Java, sai ta bar wa mai rubutu alhakin dubawa. A Rust kuma, wanda ya kira unwrap, mai ciro abin da ke cikin Option, a kan None (Option da babu komai a ciki) ya tsayar da manhajarsa nan take, sai dai kalmar unwrap tana nan a rubuce, mai bitar kod zai iya nemo ta layi-layi.