Sintesaiza: na'urar haɗa sauti da Hausawa ke kira fiyano

Sintesaiza na'ura ce da ke ƙirƙiro sauti daga wutar lantarki, ba tare da an bugi fata, an ja tsirkiya ko an busa ƙaho ba. A ƙasar Hausa ba kasafai ake jin wannan suna a bakin mutane ba. Fiyano ake cewa, kiɗan da ta fitar kuma kiɗan fiyano. Sunan aro ne da bai zauna daidai ba, domin fiyano na ainihi babban akwatin katako ne mai wayoyin ƙarfe sama da 200 da ƙananan gudumomi ke duka. Abin da ke kan teburin masu haɗa kiɗa a Sabon Gari ko Samaru a Zariya ba shi da waya ko guduma a ciki. Maɓallan kawai ya ara daga fiyano.

Yadda take aiki

Sauti girgizar iska ce. Sashen farko na na'urar, osileta, shi ke samar da girgizar ta lantarki, sifika kuma ta mayar da ita abin da kunne zai ji. Girgiza 440 a daƙiƙa guda ita ce muryar da ake kira A, wadda ake saita yawancin kayan kiɗan zamani a kanta. Idan aka ninka ta zama 880, muryar nan ce dai, amma ta ƙara siranta. Kunnen matashi mai lafiya yana kama tsakanin girgiza 20 zuwa kusan 20,000.

Abin da osileta ke fitarwa ɗanye ne, mai kaushi. Sai a bi da shi ta filta, wadda aikinta ɗaya da na rariya a hannun mai tankaɗe: ta bar abin da ake so ya wuce, ta riƙe tsakin. A rufe ta, sauti ya yi kauri kamar daga cikin tulu. A buɗe ta, ya yi kaifi.

Sashe na uku shi ne mai tsara rayuwar sautin daga farawa zuwa mutuwa, kuma matakai huɗu gare shi: saurin tashi, saukowa, tsayawa, da ɓacewa bayan an ɗaga yatsa. Bugun kalangu yana tashi nan take ya mutu nan take. Algaita kuwa tana shigowa ta tsaya cak muddin mai busa yana da iska a kumatu. Da murɗa waɗannan huɗun ne na'ura ɗaya ke zama ganga yanzu, an jima ta zama sarewa.

Tarihi

A 1920 Leon Theremin ya ƙera wata na'ura a Rasha da ake kaɗawa da motsa hannu a iska, ba a taɓa ta. Amma sintesaiza kamar yadda aka san ta yau ta fara ne a Amurka a 1964, lokacin da Robert Moog ya fito da tasa, Don Buchla kuma yana nasa aikin a Kalifoniya. Na farkon manya ne kamar kabad, ana haɗa sassansu da igiyoyi. Minimoog ta 1970 ce ta tattara komai cikin akwatin da mutum ɗaya zai ɗauka, sai dai murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Prophet-5 ta Dave Smith, a 1978, ta zo da muryoyi biyar da kuma ma'ajiyar da ke tuna saitin da makaɗi ya yi.

Daga nan Japan ta karɓe kasuwa. Roland ta fitar da injin ganga TR-808 a 1980. Bai yi kasuwa ba, aka daina ƙera shi bayan 'yan shekaru, amma gangarsa mai rugugi ta zama ƙashin bayan hip-hop, har yau kuma "808" ake kiran wannan irin sauti ko a situdiyon da ba a taɓa ganin injin ba. Yamaha ta sayi lasisin dabarar FM, inda osileta ɗaya ke girgiza muryar wata don fitar da sabon amo, wadda John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, ta yi DX7 da ita a 1983. Korg M1 ta biyo a 1988.

Akwai hanya ta uku banda analog, tsarin su Moog na farko, da FM, wato samfur: a naɗi sautin kayan kiɗa na gaskiya, a ajiye, a riƙa kiransa da maɓalli. Fairlight ta Ostireliya ta buɗe wannan ƙofa a 1979. Yawancin fiyanon da ke hannun makaɗan Arewa da wannan hanyar suke aiki.

A Afirka ta Yamma ba a makara ba. Mawaƙi William Onyeabor na Inugu ya yi amfani da irin waɗannan na'urori a waƙoƙinsa tun ƙarshen shekarun 1970, a Yamai kuma Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan ɗin lantarki a 1978.

MIDI da kwamfuta

Kafin 1983 yawanci na'urar wani kamfani ba ta jin yaren ta wani. A watan Janairun shekarar aka haɗa Prophet-600 ta Dave Smith da Jupiter-6 ta Roland da igiya ɗaya a NAMM, baje kolin kayan kiɗa na Amurka, aka danna wannan, waccan ta amsa. Wannan yare shi ne MIDI, kuma Dave Smith da Ikutaro Kakehashi na Roland ne jagororinsa. Ba sauti yake ɗauka ba, umarni ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi daga 0 zuwa 127, yaushe aka saki, a kan wane layi cikin layuka 16.

Steinberg ta Jamus ta kawo tsarin VST a 1996, wanda daga baya ya sa sintesaiza ta iya zama manhaja zalla. FruityLoops, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, ta bayyana a ƙarshen shekarun 1990, aka sake mata suna FL Studio a 2003. Auto-Tune kuma ta fito a 1997 don gyara muryar da ta kauce, amma mawaƙan Hausa suka mayar da ita ado, suna ƙure ta har murya ta riƙa karkarwa kamar ƙarfe.

A ƙasar Hausa da Zariya

Fina-finan Hausa na bidiyo ne suka yi wa fiyano babbar hanya a shekarun 1990. Mai shirya fim ba shi da kuɗin tara makaɗa goma, ga kuma akwati ɗaya na jerin PSR na Yamaha da zai ba shi ganga, sarewa da amshi a zama guda. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce kan wannan sauyi. Daga waƙoƙin nanaye kiɗan ya shiga waƙoƙin siyasa, na biki, na talla, har da na bege, inda a da mandiri kaɗai ake ji.

Zariya tana da hanyoyi da dama da na'urar ta bi. Majami'un Sabon Gari da Wusasa sun horar da yara masu yawa a kan maɓallai. Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafa ta a 1962, tana tara matasa daga ko'ina cikin ƙasar, kowa da kiɗan garinsu a kunne, kuma ɗakin ɗalibi mai laftof da hedifon ya isa situdiyo. A cikin ganuwa kuwa tambari, kakaki da algaita suna nan daram a ƙofar fada, musamman ranar hawan salla. Wanda ya tashi a garin ya ji duka biyun, shi ya sa kunnensa ba ya ruɗuwa da kwaikwayo.

Situdiyon unguwa yawanci shago ɗaya ne da aka raba da katako, aka manna soso a bango. Mawaƙi yakan zo ba da takardar nota ba, da karin waƙa a baki. Ya rera, makaɗi ya bi shi da yatsa ɗaya har ya gano inda muryarsa ta zauna, sannan ya shimfiɗa ganga, ya ɗora bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya yi ado da sarewa. Maganar da aka fi ji daga ɗakin makirufo ita ce, "Oga, kiɗan nan bai yi nauyi ba, a ƙara mini kalangu."

Matsalar kalangu

A nan ne gizo ke saƙar. Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama, na ƙasa da mai faɗuwa, kuma kalangu magana yake yi da su. Makaɗi yana matse tsarkiyoyin a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauko, duk a cikin bugu ɗaya. Fiyano kuwa matakala ce mai hawa 12 tsakanin murya da ninkinta, ba ta san abin da ke tsakanin hawa da hawa ba.

Jerin General MIDI na 1991 ya ƙayyade sautuka 128. A ciki akwai sitar da shanai na Indiya, koto da shamisen na Japan, har da kalimba, amma babu kalangu, babu goge, babu gurmi. Dole makaɗin Hausa ya yi dabara: shanai ta tsaya a madadin algaita, tunda dukansu bakin kara ake busawa, konga kuma ta yi aikin ganga. Ana yawan ɗora ƙamshin Indiya da ke cikin kiɗan fiyano a kan kallon fina-finan Indiya kaɗai, alhali abin da ke cikin akwatin ma yana da nasa hannu.

Mafita biyu ce. Ta farko ita ce 'yar tayar da ke gefen hagu na maɓallai, wadda ke lanƙwasa murya sama ko ƙasa. Gwani yakan buga da dama yana murza ta da babban yatsan hagu, kamar dai hammatar makaɗi. Ta biyu, kuma mafi inganci, a kira mai kalangu na gaskiya a naɗe shi, ko dai bugu-bugu don a yi samfur, ko ya bi waƙar daga farko har ƙarshe. Samfur yana kama amon fata, amma ba ya kama kirari, domin bai san abin da mawaƙi zai faɗa a baiti na gaba ba.

Kayan aiki da labaransu

Sababbin na'urori ana baje su ne a NAMM da ke Anaheim a farkon shekara da Superbooth a Balin, labarin kuma yana iso wa masu sha'awa a Zariya ta YouTube da WhatsApp. Analog ta sake dawowa: Korg ta fitar da ƙananan Volca a 2013 da Minilogue a 2016, Behringer kuma tana kwaikwayon tsofaffin na'urori a farashi mai sauƙi. Duk da haka a dala ake lissafinsu, don haka kayan hannu, tokumbo, sun fi yawa, kuma akasari daga kasuwar Alaba ta Legas suke haurowa.

Mai farawa ba ya buƙatar da yawa: laftof, ƙaramin allon MIDI, sawun kad (akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta), hedifon, da makirufon kondensa, wanda ba ya aiki sai an kunna masa wutar bolt 48 daga sawun kad ɗin. Akwai manhajoji na kyauta masu kyau, irin su Vital, Surge XT da Dexed mai kwaikwayon DX7, waɗanda suka fi manhajar sata aminci ga kwamfuta.

Wuta da ƙura ne manyan abokan gaba. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa 120 suke sha, kuma na'ura da yawa ta ƙone a ranar da aka buɗe kwalinta saboda ba a karanta bayan adafta ba. Janareta yana cusa gurnani cikin naɗi, shi ya sa masu hali suka koma inbata da sola. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙarƙashin robar maɓallai, sai a wayi gari wani maɓalli ya yi shiru, wani kuma yana ihu ko an taɓa shi a hankali. Gyaran ba wuya: a kwance, a goge wurin da auduga da sifirit, a bari ya bushe kafin a mayar, sannan a samo zane mai kauri a riƙa rufe fiyanon daga Nuwamba har ruwan farko.