Babbar igwa ba ta isa ta ci yaƙin teku ba

An daɗe ana ɗauka cewa a zamanin jiragen ruwan yaƙi masu sulken ƙarfe, wanda ya fi babbar igwa shi ke da nasara. Ba haka abin yake ba.

Jirgin Italiya Duilio, da aka kammala a 1880, yana ɗauke da igwa huɗu na kamfanin Armstrong, kowace tan 100, harsashinta ya kai kilo 900. Amma ta baki ake ɗura ta, kamar bindigar maharba. Sai an juya hasumiyar ƙarfen da igwar ke ciki, an sunkuyar da bakin igwar, sannan inji mai aiki da matsin ruwa ya tura albarushi da harsashi. Harbi ɗaya yakan ci kusan minti 15. Kafin nan abokin gaba ya gusa, hayaƙi ya rufe ido, teku kuma tana ta jijjiga jirgin. Harbin da ke kuskure ya fi wanda ke samu yawa.

Ɗurin kansa haɗari ne. A Janairun 1879, igwa mai tan 38 a jirgin Ingila Thunderer ta ƙi tashi, ba a lura ba aka sake ɗura ta. Da aka harba sai ta tarwatse, mutum 11 suka mutu.